Yadda Ake Tsara Ginin Makarantar Sakandare ta Zamani a Ƙasa Mai Zafi

Idan aka ce za a gina makaranta ta zamani, hankalin yawancin masu kuɗin yakan tafi kan bene, da gilashi mai sheƙi, da tayil, da ƙatuwar ƙofar shiga wadda za a hango daga titi. Ni ma'aunina daban ne. A shiga aji da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, yara arba'in suna zaune. In suna iya ganin allo ba tare da an kunna ƙwai ba, suna jin malami, kuma ba sa fifita da littafi, to ginin ya ci sunansa. Duk matakan da ke ƙasa wannan ajin suke nema, kuma jerinsu yana da dalili: abin da aka kuskure a matakin farko, fenti ba ya gyara shi a na ƙarshe.

Mataki na farko: lissafi kafin zane

Kada ka je wurin mai zanen gini da hoton wata makaranta da ka gani a waya. Je masa da takarda mai ɗauke da lissafi. Sakandare a Najeriya shekara 6 ce, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta sa malami ɗaya ga ɗalibi 40 a babbar sakandare. In kana son kowane aji ya kasu gida uku, azuzuwa 18 ke nan, ɗalibai 720. Daga wannan adadi komai zai fito: yawan banɗaki, girman tankin ruwa, faɗin zauren jarrabawa, har yawan ofisoshin malamai.

Ka yanke shawara tun yanzu a kan abubuwa uku. Jeka-ka-dawo ce ko ta kwana? Maza ne, mata ne, ko a haɗe? Kuma nan da shekara goma, ina kake so ta kai? Makarantar kwana kusan gari ce guda, da kicin da ɗakunan kwana da gidajen malamai da wurin wanki, kuɗinta da filinta ba ɗaya ba ne da na jeka-ka-dawo. A nan zan fi tsayawa kan ta jeka-ka-dawo mai ɗalibai 720, domin lissafin ya tafi a kan turba ɗaya.

Sannan ka leƙa Ma'aikatar Ilimi ta jiharka ka karɓi sharuɗɗan buɗe makaranta. Hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO ma sukan zo duba ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya da zauren jarrabawa kafin su amince da makaranta, gara ka san abin da za su nema tun gini yana kan takarda.

Mataki na biyu: fili

A ganina, makaranta mai wannan girma ba ta sakewa a ƙasa da hekta biyu, uku kuwa ya fi, domin filin ƙwallo kaɗai zai cinye fiye da rabin hekta. A tsakiyar birni samun haka yana da wuya, shi ya sa ake hawa bene, amma filin taro da inda yara za su yi gudu ba abin da ke maye gurbinsu.

Ka je filin da damina, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. Ka tambayi dattawan unguwa abin da wurin yake a da. A birane irin Kano, filaye da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara, sama a daddale, ƙasa kuwa ruɓaɓɓiya. A wasu sassan Borno da Adamawa da Gombe akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, wadda ke fasa bango komai kyan bulonsa. Maganin duka shi ne gwajin ƙasa, wanda injiniya zai dogara da shi ya faɗi irin harsashin da za a yi da zurfinsa. Kuɗin gwajin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin ginin. Takardun mallaka kuma a kammala su kafin a sauke tifar yashi ko ɗaya.

Mataki na uku: inda ginin zai fuskanta

Wannan shi ne matakin da ba ya cin ko sisi, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yawanci titi ake bi: duk inda titi ya miƙe, nan ake jera azuzuwa. Rana ya kamata a bi.

Ka shimfiɗa kowane jerin azuzuwa tsawonsa daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, gajerun bangaye marasa taga su tari gabas da yamma. Dalili shi ne, ranar hantsi da ta la'asar a kwance suke zuwa, babu rumfar da ke tare su, sai su shige ta taga har kan tebur. Ranar tsaka kuwa daga sama take, ɗan tsawon rufi ya isa ya kare bango.

Ga yadda lissafin yake a Kano da garuruwan da ke layi ɗaya da ita, wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. A watan Disamba rana takan karkata kudu, da tsakar rana tsayinta kusan digiri 55 ne. Bango mai tsayin mita 3 yana bukatar rumfa mai faɗin kusan mita 2 kafin inuwa ta rufe shi duka. A watan Yuni kuma rana takan koma arewa kaɗan, tsayinta kusan digiri 79, don haka santimita 60 zuwa mita 1 na bakin rufi ya wadatar a wannan ɓangaren. Ka ga amsa ta fito da kanta: baranda mai faɗin mita 2 zuwa 2.4 a kudu, wadda za ta zama hanyar wucewa kuma ta zama inuwa, sai ɗan bakin rufi a arewa.

Iska kuma kala uku ce. Ta damina mai sanyi daga kudu maso yamma take busowa, ita ake so ta ratsa aji, ta shiga ta wannan taga ta fita ta waccan. Ta hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas take, don haka tagogin arewa su zama masu rufuwa ruf, kuma a dasa jerin bishiyoyi a wannan kusurwa. Ta uku ita ce iskar hadari, wadda kowane Bahaushe ya san daga gabas take tasowa. Maginan gargajiya sun daɗe da sanin bangon gabas ne ruwa ya fi duka, shi ya sa suke ƙara masa kulawa wajen yaɓe da makuba. Kai ma ka ba bangon gabas filasta mai kyau, ka kuma ƙarfafa ɗaurin rufi ta wannan gefe.

Tsakanin jeri da jeri a bar tazarar da ta kai ninki biyu na tsayin ginin, domin iska ta samu hanya kuma hayaniyar wani aji kada ta shiga wani. Wannan tazara ita za ta zama tsakar gida, a dasa darbejiya ko maɗaci ko tsamiya, a yi dakali a gindinsu. A dai nisanta su da bango da 'yan mitoci saboda saiwa. Filin ƙwallo a miƙe shi kudu da arewa, kada mai tsaron raga ya riƙa kallon rana da yamma.

Mataki na huɗu: ajin kansa

Mita 7 a faɗi, mita 9 a tsawo, murabba'in mita 63 ke nan, kowane ɗalibi cikin 40 ya samu fiye da ɗaya da rabi. Idan aji ya wuce mita 9 a tsawo, na baya ba ya ganin rubutu. Idan ya wuce 7 ko 8 a faɗi, hasken taga ba ya kai tsakiya. Tsakanin allo da layin farko a bar mita 2. Daga daɓe zuwa silin kada ya gaza mita 3, in an samu uku da rabi ya fi, saboda zafi sama yake taruwa.

Faɗin tagogi gaba ɗaya ya kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin daɓen, a raba su bango biyu masu kallon juna. Allo ya hau bangon da ba taga, kuma a jera kujeru yadda mafi yawan haske zai zo ta hagun ɗalibi, tunda akasari da dama ake rubutu. Can sama kusa da silin a bar ƙananan kafofin iska masu raga, waɗanda za su zauna a buɗe ko an kulle aji. Cikin aji a shafa fenti mai haske, amma mita ɗaya da rabi na ƙasa a yi shi da fenti mai mai wanda ake gogewa, don hannun yara ba ya rabuwa da bango. Daɓe kuwa, tarazo ko siminti mai kyau ya fi tayil mai santsi jure jan benci.

Ƙofa ta buɗe zuwa waje, faɗinta ya kai mita 1. Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma ranar da yara suka firgita suka yo kan ƙofa gaba ɗaya, mai buɗewa ciki ba ta buɗuwa.

Mataki na biyar: rufi da bango

Kwano a kan ɗan siririn silin, wannan shi ne ke mai da azuzuwanmu tanda. Wanda ya fi kowa nuna mafita a yankinmu shi ne Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2004, shi kuma ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gini a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Dabararsa rufi biyu ne. Na ƙasa silin ne na tubalin ƙasa, na sama kwano ne da aka ɗaga a kan ƙarafa, ya zarce bango ta kowane gefe, aka bar sarari a tsakani. Kwano ya ɗau zafi, iska ta bi ta ƙarƙashinsa ta kwashe, iskar aji mai ɗumi kuma ta tashi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta taga. A sakandaren Schorge da ke Kudugu a Burkina Faso, wadda aka gama a 2016, ya jera gine-gine tara sun kewaye tsakar gida, bangonsu na jan dutsen marmara da aka yanko a yankin, da hasumiyoyin fitar da zafi a saman azuzuwa, da shingen itacen turare mai ba da inuwa. Kudugu kusan layi ɗaya take da Kano, ranarsu ɗaya, hunturunsu ɗaya, don haka abin da ya yi aiki can ba shi da dalilin ƙin yi a nan.

Batun bango, mutane suna jin an ce ƙasa sai su ɗauka talauci ne. Tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, da ƙasa aka yi shi, yana nan tsaye. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci, suka mai da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, aikin da aka gama a 2018 da tubalin ƙasa wanda ake matsewa da inji. Irin wannan tubali, da ake sa wa ɗan siminti kaɗan, yana da nauyi, yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya sake shi lokacin da yara sun tashi. Sharaɗinsa biyu: harsashi na kankare ko dutse da zai ɗaga shi daga damshi, da rufi mai faɗi da zai hana ruwa dukansa. In ba ka da maginan da suka iya shi, yi amfani da bulo inci 9, amma a buga shi a wurin aikin a gaban mai sa ido, domin na kasuwa sau da yawa an ja buhun siminti ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa.

Kowane irin rufi ka zaɓa, a ɗaure katakonsa ko ƙarfensa da rodin da aka binne cikin kankaren saman bango. Duk farkon damina sai an ji labarin makarantun da iska ta yaye wa kwano, kuma galibi ƙusa ce kawai ta riƙe su.

Mataki na shida: sauran ɗakuna

Ɗakunan gwajin kimiyya uku ne, na Fizis da Kemistiri da Bayoloji. Kowanne ya kai murabba'in mita 90 zuwa 100, da ƙaramin ɗakin ajiya da shiri a gefe, da ƙofofi biyu a nesa da juna. Tukwanen gas a waje za su zauna, cikin keji mai iska, da makunni ɗaya kusa da teburin malami wanda zai yanke gas ɗin duka. A sa ɗakunan gwajin a ƙasa, a ƙarshen jeri.

Ɗakin kwamfuta ya zama dole tun da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta zalla a 2015. Shi ne ɗaki ɗaya da na yarda a sa wa na'urar sanyaya ɗaki, a kuma toshe shi sosai saboda ƙura. A binne bututun waya kafin filasta, har da na intanet, ko da ba a sayi kayan ba tukuna. Faifan sola a karkata su kudu da digiri 10 zuwa 15, a inda mutum zai iya hawa ya wanke su, don hazo yana rage musu ƙarfi ƙwarai.

Ɗakin karatu a wuri mafi shiru, wurin koyon sana'a da janareta a wuri mafi nisa. Zauren taro a auna shi da ranar jarrabawa, ranar da ɗalibai 120 na ajin ƙarshe za su zauna kowa da teburinsa da tazara. Ofishin shugaban makaranta da na malamai su zauna kusa da ƙofar shiga, su yi aikin da zaure ke yi a gida: baƙo ba ya kaiwa ga yara sai ya bi ta gaban manya. Sai ɗakin shan magani mai gado biyu ko uku, da masallaci da wurin alwala mai magudana.

Mataki na bakwai: ruwa da banɗaki

A nan ake gane wanda ya yi zane don yara da wanda ya yi don hoto. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta ce banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, banɗaki ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga maza 50. In ɗalibanka rabi da rabi ne, 15 ke nan na mata, 8 na maza da wuraren fitsari 8, ban da na malamai. Na mata ya yi nesa da na maza, ƙofarsa a kare, da sakata ta ciki, da famfo a ciki, da wurin zubar da audugar mata. Yarinya da ta balaga, in babu wannan, gida za ta zauna kwanakin al'adarta kowane wata. A lura da alƙibla wajen dasa banɗakunan, kada mai zama ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Masai da ramin ƙazanta su nisanci rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 30, kuma su kasance ta gangare.

Ƙa'idar ta ba kowane ɗalibin jeka-ka-dawo lita 5 a rana don sha da wanke hannu, lita 3,600 ke nan, kafin a sa alwala da tsarki da kora banɗaki. Ni zan ninka wannan sau uku wajen auna tanki. Rufinka ma rijiya ce: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 500 a garin da ake samun milimita 700 yana zubar da lita 350,000 a shekara. A sa indararo da tanki, abin da ya yi saura a bi da shi gindin bishiyoyi.

Mataki na takwas: tsaro, gobara da masu bukata ta musamman

Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, babu mai zana makaranta a Arewa da zai manta da katanga. Gini kaɗai ba ya tare 'yan bindiga, amma yana iya sayen lokaci: katanga mai kyau, ƙofar shiga ɗaya mai ɗakin maigadi, fitilun sola, fili a share a bayan katanga, da ƙofar gaggawa ta baya wadda malamai suka san inda makullinta yake. Sai dai a yi hattara, ƙarfen da ke hana ɓarawo shiga shi ke hana yaro fita. A kowane aji a bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki. Gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, wadda ta ci rayukan yara da dama, ta isa dalilin guje wa duk abin da ke saurin kamawa da wuta, ko da a rumfar wucin gadi ne.

In bene ne, kada ya wuce hawa biyu ko uku, matakala biyu a kowane jeri, ɗaya a kowane ƙarshe, faɗin kowace mita ɗaya da rabi ko fiye, makarin baranda kuma ya kai mita 1.1. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa ga kowa. Gangaren keken guragu shi ne tashin santimita 1 a kowane santimita 12, wato dakali mai tsayin santimita 45 yana son gangare mai tsawon mita 5.4. Ɗakunan da kowa ke bukata, irin su ɗakin karatu da na gwaji, a ajiye su a ƙasa.

Mataki na tara: takardu, gini da karɓa

Zanen ya fito daga mai zanen gini da ke da rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, lissafin ƙarfe da kankare daga injiniya mai rajistar COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ƙididdigar kaya da kuɗi daga ƙwararren mai ƙiyasi, a ɗora kashi 10 cikin ɗari saboda tashin farashi. Sai a kai hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, kowace jiha da tata, a samu izini kafin a haƙa harsashi. A Yulin 2024 wata makaranta mai bene ta rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Duk mai niyyar ƙara hawa nan gaba ya faɗa wa injiniya yau, a yi harsashi da ginshiƙai daidai da nauyin.

In kuɗi ba su isa a yi duka ba, a zana taswirar makarantar gaba ɗaya, sannan a gina kashi kashi: azuzuwa shida, banɗaki, ruwa da katanga da farko. Bishiyoyi kuwa a dasa su tun ranar farko, su ne suka fi komai jinkiri.

Lokacin aiki, kada a zuba kankare sai injiniya ya ga rodin da idonsa ya sa hannu. A riƙa ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, a tuna cewa sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka kada a yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da kankaren bene. A rubuta cikin yarjejeniya cewa za a riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ɗan kwangila na tsawon wata shida bayan miƙa aiki, a kuma daidaita lokacin yadda damina za ta faɗo a ciki, domin yoyo da tsagewa da kwanciyar ruwa a lokacin suke bayyana. Ranar karɓar makullai a buɗe kowane famfo, a kora kowane banɗaki, a gwada kowace ƙofa da taga, sannan a karɓi zanen ƙarshe mai nuna inda kowane bututu da waya suka bi, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a wurin mai makarantar.